Yadda Ake Tara Itacen Hunturu Ba Tare da An Ɓata da Maƙwabta Ba

Hunturu ba ya faɗo wa mutane gida babu sallama. Tun wajen ƙarshen Oktoba yake turo 'yan aike: leɓe ya fara tsagewa, diddige ya soma faso, duwatsun da suka zagaye garin Dutse su riƙa ɓacewa cikin hazo, mai shayi ya ƙaro benci. Duk da haka, ranar da jaura ta taso da gaske a Disamba, sai ka ga magidanta daga Kiyawa har Jahun sun fito sallar asuba hannu a hammata, kowa yana rantsuwa bai taɓa ganin sanyi irin na bana ba. Bara ma haka suka rantse. Domin waɗannan bayin Allah aka tsara shawarwarin nan, ko a samu a ƙetare zuwa Fabrairu da ɗumi a jiki da kuma mutunci a unguwa. Na biyun ya fi wuyar samu.

Fara da sanin cewa itacen jin ɗumin Janairu tun kafin Janairu ake nemansa, don ba a fafe gora ranar tafiya. Reshen da aka sare yau kusan rabin nauyinsa ruwa ne, kuma ba ya ci yadda ya kamata sai ruwan ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Wanda ya bari sai sanyi ya kama shi sannan ya ɗauki gatari ya saro ɗanyen reshen maina ya cusa a murhu, to dafa itace yake yi. Za ka ji shi yana tsuwa, kumfa tana tsattsafowa ta gindinsa, hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida, uwargida ta durƙusa tana fifita da faifai, hawaye na zuba, ba ta ce maka uffan ba. Ka ji tsoron wannan shirun. Da daddare a cikin tuwo za ka same shi.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne tun sassabe, kafin ruwa ya sauka: abin da ka share a gona ka kwaso shi gida maimakon ka cinna masa wuta a can. In wannan ya wuce ka, sai kaka, sa'ad da riɗi da zoɓo suka shiga kasuwa aljihu ya ɗan yi nauyi. Na san a nan shawarar take cin karo da cikas, domin kuɗin kaka masu jiransu suna da yawa. Babur na son sabuwar taya, ga bashin taki, ga kuma wata magana da aka fara a wani gida tun damina. Ba ni da ta cewa a kan wannan maganar, sai dai in tuna maka cewa ƙarin ɗaki ƙarin kasko ne.

Sai sanin itacen kansa. Sarkin fage shi ne marke: ga nauyi, ga ci a hankali, ga garwashin da zai kai ka asuba. In ka ga tarin marke a gidan mutum, gaishe shi da kyau. Ƙirya ta fi shi taurin kai. Ita maƙera ke nema don gawayi, masassaƙa don turmi da taɓarya, gatari kuwa yakan yi tsalle ya dawo in an sare ta. Matsalarsu su biyun ɗaya ce, sun yi ƙaranci a gonakinmu har yara da yawa sunansu kawai suke ji. Aduwa tana ci da kyau, hayaƙinta kaɗan, amma sai ka biya kuɗin shiga da jini, don ƙayarta ba ta san da zaman takalmin roba ba. Bagaruwa ma 'yar gidansu ce. Wadda ta rufa wa kowa asiri ita ce maina, wadda Kanawa ke ce wa darbejiya. Baƙuwa ce daga Indiya, an dasa ta bakin hanya da harabar makarantu, ka rage mata rassa bana ta sake tofowa baɗi ba tare da ta riƙe ka a zuci ba. Sabara da kalgo na ƙirare ne, na tayar da wuta, kalgo ma har igiyar ɗaure damin yake ba ka daga ɓawonsa. Gawo kuwa sai ka bi layi bayan awaki. Shi da rani yake yin ganye, makiyaya su saro rassan dabbobi su cinye, abin da suka rage ya bushe shi ne rabonka.

Akwai masu kunyata mutum. Kuka duk girmanta cikinta laushi ne da ruwa, ka bar ta ta ba ka miya, aikinta ke nan. Tumfafiya ba nauyi ba garwashi, fuu ɗaya ta zama toka ta bar ka da tari. Tsamiya kam itacenta yana da kyau ƙwarai, shi ya sa nake ganin kakanninmu sun yi basira da suka ba aljanu hayarta. Babu malamin dajin da ya taɓa tsare bishiya yadda wannan labari ya tsare tsamiya. In wani ya ce maka shi bai yarda da camfi ba, miƙa masa gatari ka ce ya je da magariba.

Kara, na dawa ko na gero, rigimar cikin gida ce. Maigida na son sa don darni, shanu na son sa don ci, almajiran tsangaya na son sa don hasken karatun dare, uwargida na son sa don kunun safe. Wutarsa kuma ba ta da alkawari: ta tashi bal-bal ta gasa maka fuska bayanka na rawar ɗari, kafin ka juya ta mutu. Totuwar masara da kandilo suna nan ga wanda tura ta kai shi bango. Kandilo yana riƙe wuta sosai, illa dai rigarka za ta ba da labari a sahun gaba.

To ina za ka samo? Nan sai a taka a hankali. Gandun daji na gwamnati ne, doka ta hana saran ɗanyen itace ba izini, malamin daji kuma Allah ya yi masa baiwar bayyana daidai lokacin da ka ɗora damin a ka. Bishiyar gonar wani ma tana da mai ita ko da ya tafi ci-rani Legas. Ƙaninsa yana nan, ya san adadin rassanta. Akwai wata tsohuwar dabara da wasu ke yi, a zagaye gindin bishiya a ɓare mata ɓawo, ko a tara mata kara a cinna wuta cikin dare, bayan 'yan watanni a zo ana salati ana cewa Allah ya yi wa bishiyar nan rasuwa, bari a kawar da gawar. Ka shaida ban ba ka wannan shawara ba. Mai unguwa ya san dabarar tun ba a haife ka ba. Sannan Jigawa tana cikin jihohi 11 da ke bakin hamada, waɗanda shirin babbar ganuwar itatuwa ya shafa, shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Najeriya ta kafa masa hukuma a 2015. Ana can arewacin jihar ana fama da dashe don a tare rairayi, kai kana nan kana buɗe masa ƙofar baya.

Hanyar da ta fi kwanciyar hankali manoman Maraɗi ne suka nuna ta. Tun shekarun 1980, tare da wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, suka kama abin da suke kira sassabin zamani. Kututturen da ke tofowa a gona duk shekara, wanda mu muke sharewa ƙarƙaf mu ƙone, su sai su zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi su bari, su datse sauran. Babu dashe, babu ban-ruwa, saiwar tana nan a ƙasa tun da can. An ƙiyasta cewa ta haka aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, da bishiyoyi wajen miliyan 200. Abin da ka datse duk shekara shi ne itacen girkinka da na jin ɗuminka, kuma ba wanda zai tare ka a hanya ya ce daga ina. Aibinta guda: tana son haƙurin shekara biyu zuwa uku, mai rawar ɗari kuwa ko haƙurin sallame salla da ƙyar yake yi.

In kai mai saye ne, ma'aikaci a Dutse ko malamin makarantar da aka turo ƙauye, buɗe ido. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kaya suka yi tashin gwauron zabo, gidajen da suka yi ban kwana da murhu suka dawo suna gaishe shi. Ga gidajen burodi, ga masu tsire, ga masu ƙosai da waina, duk daji ɗaya ake kallo. Mai itace mutum ne mai kunya, ba ya son ya riƙa ɓata maka rai da ƙarin kuɗi kullum, sai ya bar damin ya dinga ramewa. Saboda haka kwance shi ka gani, don akan sa masu kyau a waje a ɓoye ragwaye a tsakiya. Ɗauki guda biyu ka gwara: busasshe yana amsawa ƙwal, ɗanye sai dai ka ji dim. Duba bakinsa, in ya tsattsage ya sha iska. Sayen amalanke guda ya fi sayen dami-dami sauƙi, sai dai shigowar amalanke unguwa shela ce. Roƙi mai ita ya zo bayan lisha, ya kuma shafa wa ƙafafun mai.

Gungume ba ya bushewa da wuri sai an faskara shi. Ɗauko mai faskare ka biya shi, ka haɗa masa da fura. In kuwa ka nace sai da hannunka, jiƙa ƙotar gatarin ta kumbura ta kama ƙarfen, kori yara da kaji, kuma kada ka yi aikin amarya tana kallo. Ciwon bayan magidanta da yawa daga nan ya samo asali.

Wajen ajiya abokiyar gaba ta farko gara ce. In ka zube itace a ƙasa ko ka jingina shi da bangon ɗaki, za ta gode maka, ta gama da shi ta haura azara. Jera duwatsu, tun da Allah ya hore mana su a wannan yanki, ka ɗora dogayen sanduna biyu, sannan ka shirya itacen a kai, wannan jeri a miƙe na samansa a gicciye, yadda iska za ta ratsa. Manya a ƙasa, ƙirare a sama, a barbaɗa toka a kewaye. Ka nesanta shi da rumbu da ɗakin jinka da murhu, domin iskar hunturu tartsatsi guda take nema. Kunama da kububuwa su ma suna son wurin fakewa, don haka buga tarin da sanda kafin ka zura hannu, da dare kuma kada ka aiki yaro babu tocila.

Kada ka ɗauka mu kaɗai ke shan wahalar nan. A ƙasar Norwe, inda sanyi ke daskarar da kogi, gidan talabijin na gwamnati ya taɓa kwashe awa 12 a 2013 yana shiri a kan itacen wuta, awa 8 daga ciki ba abin da ake nunawa sai wuta tana ci a murhu. Jama'a suka zauna suka kalla, har suka riƙa aika ƙorafi, wasu na cewa ɓawon itace sama ya kamata ya kalla in an jera, wasu na cewa ƙasa. Mu ba mu kai ga wannan gardamar ba tukuna. Tamu har yanzu ita ce wa ya ɗauka.

Gara duk ɓarnarta ba ta kama ƙafar maƙwabta ba. A ƙauye ba a satar itace, aronsa ake yi, irin aron da ba a taɓa jin an mayar ba. Da sassafe yarinya za ta yi sallama, ɗan kasko a hannu, mayafi har ka.

"Ina kwana, Baba. Wai in ji Innata, don Allah a sam mata bakin wuta."

"Lafiya lau. Shiga wajen Gwaggonki ta ba ki."

Bakin wutar da za ta fito da shi faskaren marke ne mai tsawon kamu biyu, wanda wuta ta ɗan lashi gefensa kawai. Gobe ƙanwarta ce za ta zo. Jibi uwar da kanta za ta shigo gaisuwa, ta tsaya gaban tarin ta riƙe haɓa: "Ma sha Allah, Malam, bana kam kun shirya." Duk wanda ya yabi itacenka, ƙirga shi bayan ya fita.

Kada ka ce za ka hana. In ka hana za a raɗa maka sunan da har jikokinka sai sun amsa shi, kuma ranar da suna ko zaman makoki ya faɗo gidanka, mutanen nan ne za su cika maka tsakar gida da itace ba ka roƙa ba. Abin yi shi ne tari biyu. Na farko a fili, inda mai shigowa zai gani, na sabara da maina da kara: wannan na zumunci ne, a ɗiba da fatan alheri. Na biyu, na marke da aduwa, a bayan garken awaki, a rufa masa tsohuwar zana. Uwargida za ta riƙe sirrin, don ita ta san zafin hayaƙi. Wanda za ka ji tsoro shi ne autanka mai shekara huɗu, wanda zai jira sai an ce wa baƙuwa itace ya ƙare sannan ya ɗaga murya: "Inna, ai akwai wani a wajen awaki." Ware kuɗin alewa tun yanzu, yana cikin kuɗin itace.

Wanda kuma ya hura wuta a ƙofar gida da safe ya sani majalisa ya buɗe. Kafin ta kama sosai mutum takwas sun zagaye ta, tafin hannu a gaba, babu wanda ya zo da ko tsinke, amma kowa gwani ne wajen gyara ta. Wannan ya tura faskare ciki, wancan ya ce a ƙara ɗaya don liman yana tafe. Wasu kan kafa dokar kowa ya zo da ƙirarensa. Tana aiki kwana biyu.

Yanzu lissafi. Ka sa itacen girki, da na ruwan alwalar tsofaffi, da na wankan yara 'yan makaranta waɗanda sai an yi kokawa suke yarda ruwa ya taɓa su. In ka gama, dubi iyalinka. Idan akwai mai juna biyu da za ta sauka cikin hunturu, goge lissafin ka sake sabo. Wankan jego ruwan zafi ne safe da yamma har kwana arba'in, a babbar tukunya ko rabin ganga, kuma itacen jego a wuyan miji yake. Da shi surukai ke auna mutum. Za a manta sadakin da ka biya, ba za a manta amalanken da ka kawo rabi ba. Gaskiya ne likitoci a Zariya tun shekarun 1970 suka danganta tsananin zafin wankan, da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da yawan shan kunun kanwa, da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Maganar tana da muhimmanci, ya kamata ta isa gidan. Amma ka nemi ma'aikaciyar asibiti ta faɗa da bakinta. In daga bakinka ta fito, surukarka ba za ta ji likita ba, rowar itace za ta ji.

Maganar kasko a ɗaki kuwa ba ta raha ba ce. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Tana farawa da ciwon kai da jiri, ta ƙare da barcin da ba a tashi. Bari itacen ya cinye a waje hayaƙin ya wuce, ka shigo da garwashin ya ɗumama ɗakin, ka fitar da shi kafin a kwanta, taga kuma a bar mata 'yar kafa ko da tsohuwa za ta yi faɗa. Gidan sauro da katifa da galan ɗin fetur na babur, kowannensu ya yi nesa da kasko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda akasarinta hayaƙin girki ne, ta kashe mutum wajen miliyan 3.2 a shekarar 2020, mata da ƙananan yara ne kuma suka fi kusa da murhu. In gobara ta tashi a ƙauyen da ke nesa da titi, 'yan kwana-kwanan farko su ne tulu da bokiti da maƙwabtan nan da ka ba bakin wuta.

Idan kuwa takardar nan ta same ka a tsakiyar Janairu ba ka da ko ƙirare, kada ka karaya. Haɗa rigunanka uku ka saka, ka yi sammako wajen mai ƙosai, ka saya ko na kaɗan ne don kada a ce ɗumi ka zo ji, ka zauna ta ɓangaren da iska ba ta kai hayaƙi, ka ja hira har hantsi ya leƙo. In ka koma gida, miƙa wa 'yarka kasko ka aike ta gidan maƙwabci. Ka ce mata in an ce ya ƙare, ta tambayi autan gidan.